Darasi na Tara: Wusasa da Zaman Musulmi da Kirista a Ƙasar Hausa

Kusan kowa a ajin nan yana da maƙwabci, ko abokin ciniki, ko ma ɗan'uwa na jini wanda ba addininsu ɗaya ba. A wannan darasi za mu karanta tarihin wani ƙaramin gari da ke gefen Zariya. Daga tarihinsa za mu ga yadda 'yan mishan suka shigo ƙasar Hausa, abin da suka tarar, da abin da suka bari. Ku karanta a tsanake, ku riƙe tambayoyinku, akwai lokacin tattaunawa a ƙarshe.

Ginin ƙasa a gindin dutse

Idan ka fito daga birnin Zariya ka nufi yamma, wajen dutsen Kufena, za ka iske Wusasa. A cikin garin akwai wata tsohuwar majami'a, cocin St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a wajajen 1929. Wanda bai sani ba, in ya hango ta, sai ya ɗauka soron wani basarake ne. Hannun maginan ƙasar ne ya ɗora ta, da irin fasahar da aka san Zazzau da ita tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Ga masallaci, ga coci, alƙibla daban, amma tubali ɗaya, kwaɓin ƙasa ɗaya, gwaninta ɗaya. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe a ranku har mu kai ƙarshen darasin.

Yaya aka yi coci ya zo nan?

A shekarar 1900 wasu Turawa biyar na ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda ake kira CMS, suka taso daga Ikko a ƙasa suka nufi Kano. Shugabansu Bishop Tugwell ne, a cikinsu kuma akwai wani saurayin likita mai suna Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin Hausawan da ke can. Sun isa Kano, amma Sarki Alu bai karɓe su ba. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. Suka koma Girku a kudancin Zariya, ɗayansu ya rasu a can, tafiyar ta watse.

Bayan shekara uku wasu Turawan suka zo Kano, su kuwa da igwa suka zo. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗa hannun sojojin Gwamna Lugga. To, ku sa kanku a matsayin talakan wancan zamani. Jiya ya ga farar fata da littafi da akwatin magani, yau ya ga farar fata da bindiga. Yarensu ɗaya, ƙasarsu ɗaya. Ta yaya zai raba su? Shi ya sa kalmar Nasara, wadda asalinta a Larabci take nufin mabiya addinin Kirista, ta koma sunan kowane Bature, ko mai wa'azi ne ko mai karɓar haraji. Zargin da ya shiga zukata a lokacin bai gama fita ba har yau, kuma ba a banza ya shiga ba.

Sai dai Turawan mulki da Turawan mishan ba bakinsu ɗaya ba ne kullum. Da Lugga ya ci Sakkwato ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki a addininsu ba. Razdan-razdan da suka biyo bayansa suka riƙe wannan alkawari da ƙarfi, domin ta hannun sarakuna suke mulki, ba sa son abin da zai tayar musu da ƙura. Aka hana 'yan mishan shiga mafi yawan biranen Musulmi. Sai suka juya zuwa wuraren da jama'a ke bin addinin gargajiya: tsaunukan Filato, kudancin Zariya, ƙasar Tangale, kwarin Binuwai. Ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa tasharta ta farko a Patigi a 1902, takwararta SUM ta sauka Wase a 1904, wasu 'yan mishan daga Amurka suka zauna Garkiɗa a 1923. Duk inda suka sauka sai makaranta da ɗakin shan magani su biyo baya.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ya kamata a faɗa a nan. Da yawa daga cikin waɗannan al'ummu suna ɗauke da tabon hare-haren kamun bayi daga masarautu, wasu kuma an ɗora musu hakimai baƙi ba da son ransu ba. Da suka ga wanda ya zo da karatu da magani, kuma bai raina yarensu ba, sai suka ga hanyar ɗaga kai. A can ɓangaren kuwa, uba Musulmi yana jin cewa makarantar boko ƙofar raba ɗansa da salla ce, ya gwammace ya bar shi a makarantar allo. Kowane ɓangare yana da dalilinsa. Sakamakon shi ne taswirar da muka gada: wani yanki ya riga wani shiga boko da shekaru masu yawa, kuma bambancin ya bi layin addini.

Likita Miller da Isawa

Zariya ce ta fita daban. A 1905 Miller ya sami izinin zama a cikin birni, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Mutane suka yi ta zuwa shan magani, amma waɗanda suka karɓi addininsa 'yan kaɗan ne. Miller mutum ne mai ƙaunar Hausa da gaske, mai kuma kaifin baki. Bai ɓoye ƙyamarsa ga yadda wasu sarakuna ke mulki ba, ya yi ta kai ƙara wurin Turawan gwamnati, dangantakarsa da fada ta yi tsami. Su kansu Turawan mulki sun gaji da shi.

Abin da ya sauya labarin ya zo ne daga inda ba a zata ba. Tarihin baka ya nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Yana cikin nazarin Alƙur'ani ya lura da irin darajar da aka ba Annabi Isa, ya shiga koyar da almajiransa a kan haka, har ya kai matsayin da malaman fada suka ga ya kauce hanya. Aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka watse zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Ku lura, babu Bature ko ɗaya a cikin wannan labari. Muhawara ce ta cikin gida, tsakanin malamai masu allo da tawada.

A 1913 wasu samari daga zuriyar Isawa suka zo wurin Miller a Zariya. Daga nan wasu iyalai suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ƙauyen bai daɗe ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Ba duk Isawa ne suka bi wannan hanya ba, da dama sun ci gaba da zama a kan abin da suka gada.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. A can aka gina coci, da makaranta, da asibitin St. Luke. Garin ƙarami ne, amma dubi waɗanda suka fito daga wannan jama'a. Dakta R. A. B. Dikko, Bafulatani, shi ne likitan boko na farko daga Arewa, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ƙungiyar da daga baya ta zama jam'iyyar su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Sunansa ne ke kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, jikan Isawa, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ɗan ƙabilar Angas ne daga Filato, amma a Wusasa ya tashi, domin mahaifinsa mai bishara ne a can. Waɗannan mutane da Hausa suka yi wasan yara, tuwo da miyar kuka suka ci, sun durƙusa sun gai da manya kamar kowa. Wusasa tana da sarkinta a ƙarƙashin masarautar Zazzau.

A wasu masarautun ƙofa ta buɗe ne ta hanyar jinya. A shekarun 1930 aka bar SIM ta kula da masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A Nijar kuma ta buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda har gobe mafi yawan masu zuwa cikinsa Musulmi ne.

Kalmomin da muka yi tarayya a kansu

A ganina babban abin da wannan zamani ya bari ba gini ba ne, harshe ne. Miller da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, sun shafe shekaru kusan 30 suna fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ku yi tunanin aikin da ke gabansu. Da wace kalma za su kira Mahalicci? Bayarabe yana da Olorun, mai jin Suwahili yana da Mungu. Bahaushe kuwa Allah ya sani, sai Ubangiji. Haka suka rubuta. Da suka zo kan annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, addu'a, sujada, wa'azi, Attaura, Zabura, Linjila, Almasihu, duk sun tarar da kalmomin a shirye, malaman Musulunci sun riga sun shigar da su Hausa shekaru aru-aru da suka wuce. Wanda ya zo wa'azi ya ci daga rumbun waɗanda ya zo yi wa wa'azin.

Su ma sun zuba nasu a rumbun. Tun a 1862 wani ɗan mishan Bajamushe, Schön, ya buga nahawun Hausa, da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu wanda ya je Ingila tare da matafiyin nan Barth. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, da aikin mishan ya fara zuwa kafin ya koma gwamnati ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, shi ma haka. Haruffan da kuke koyo a wannan aji suna da alaƙa da aikin waɗannan mutane, kamar yadda ajami yake da alaƙa da aikin malaman zaure.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Da yake yarukan tsakiyar Nijeriya suna da yawa, 'yan mishan sun ɗauki Hausa ta zama harshen coci. Yau Birom da Angas da Bajju da Tangale da Bura suna haɗuwa ranar Lahadi su yi sujada da Hausa, su rera waƙoƙi da Hausa, su ba da baiko, matan ƙungiyar Zumunta su fito da ankonsu suna kaɗa tulu. Miliyoyin mutanen da ke roƙon Allah da Hausa ba Musulmi ba ne. Saboda haka wanda ya ce Hausa ta addini ɗaya ce kaɗai, bai zaga ƙasar ba. Wanda kuma ya ce Bahaushen da ya zama Kirista ya daina zama Bahaushe, sai mu tambaye shi: to me ya zama? Akwai Hausawa Kiristoci a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa da Zazzau, yawancinsu daga zuriyar Maguzawa, kakanninsu a nan aka binne su.

Kada wannan tarayya ta kalmomi ta sa mu ce addinan ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma ba ladabi ba ne a ce wa mai imani abin da ya riƙe ba shi da bambanci da na wani. Musulmi ya yi imani cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa, Nana Maryamu ta haife shi ba tare da uba ba, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Kirista ya yi imani cewa Yesu Almasihu Ɗan Allah ne, an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku domin ceton mutane. Waɗannan maganganu biyu ba sa haɗuwa. Bugu da ƙari, kowane addini ya ɗora wa mabiyansa kiran wasu: wannan yana da'awa, wancan yana bishara. Duka biyun ba za su daina ba. Abin tambaya shi ne yadda za a yi kiran. Kiran da aka haɗa da zagi, ko da yaudarar mayunwaci da buhun hatsi, ko da ɗauke yarinya ba da sanin iyayenta ba, ko da tsoratar da wanda ya sauya ra'ayi, ko daga wane ɓangare ya fito, wuta yake haifarwa.

Tarihi ya ba mu misali tun daga farko, kuma a nahiyarmu ya faru. A wajajen shekarar 615, da azabar Kuraishawa ta yi tsanani, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci wasu sahabbansa su yi hijira zuwa Habasha, wurin Najjashi, sarki Kirista wanda aka sani da adalci. Da aka kira su gaban sarki, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa daga Suratu Maryam, ya kuma faɗi abin da Musulmi suka yi imani da shi game da Annabi Isa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sarki ya ƙi miƙa su ga masu neman su.

Lokacin da wuta ta tashi

Da na so in tsallake wannan sashe, amma darasin ba zai cika ba. A watan Maris na 1987 rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan kalaman wani mai wa'azi. An ƙona masallatai a Kafanchan. Cikin 'yan kwanaki ramuwar gayya ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona coci-coci masu yawa, Wusasa ma ba ta tsira ba. A 1992 aka yi na Zangon Kataf, wanda ya faro daga gardamar sauya wa kasuwa wuri. A 2000 aka yi na Kaduna a kan batun shari'a, rayuka masu yawa suka salwanta. Bayan wannan ne garin Kaduna ya rabe: Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudu. Yanzu akwai samari a Kaduna da suka girma ba su taɓa cin tuwon sallar maƙwabci ko shinkafar Kirsimetinsa ba. Wannan asara ce da ba a lissafa ta a cikin rahoto.

In kun duba da kyau za ku ga sau da yawa tushen faɗan kasuwa ce, ko gona, ko sarauta, ko kujerar ƙaramar hukuma. Ana yafa masa rigar addini ne domin da ita ake saurin tara jama'a. Boko Haram kuwa ta nuna wa kowa cewa harsashi ba ya tambayar suna: ta ƙona coci-coci a Borno da Adamawa, ta sace 'yan matan Chibok a 2014, a shekarar kuma ta kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano.

A cikin wannan hayaƙi an sami mutanen da suka tsaya. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa kowannensu ya jagoranci matasan ɓangarensa a rikicin 1992. Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa biyu. Sun haɗu a 1995, kowa yana zargin ɗan'uwansa, sannu a hankali suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, suka kuma taimaka wajen sulhun Yalwan Shendam a 2005. Babu wanda ya bar addininsa a cikinsu. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar janye tallafin mai, an ga Kiristoci sun yi da'ira suna gadin Musulmi har suka idar da salla. A watan Yuni na 2018, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wani dattijon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya roƙi maharan har suka juya.

Ba kowa Allah zai jarraba da irin wannan rana ba. Jarrabawar yawancinmu a bakinmu take. Kalmar arne, da Kirista ke jin ana jifansa da ita a kasuwa ko a mota, tana yi masa zafi, kuma ko a Musulunci sunan da aka ba shi daban ne: yana cikin Ma'abota Littafi. Haka Musulmi ke jin zafi in an gan shi da gemu ko an ga matarsa da hijabi an ce ga 'yan Boko Haram nan. Yaro ba ya ƙirƙiro waɗannan kalmomi, a tsakar gida yake tsintar su.

Kalmomin da za a kula da su

Mishan: ƙungiyar da ke aika mutane yaɗa addinin Kirista. Bishara: saƙon da Kirista ke wa'azinsa. Da'awa: kiran mutane zuwa Musulunci. Majami'a: ɗakin ibadar Kirista, wato coci. Baiko: abin da ake bayarwa a coci don aikin Allah. Isawa: mabiyan koyarwar Malam Ibrahim na Kano.

Tambayoyi da tattaunawa

1. Me ya sa kalmar Nasara ta koma sunan kowane Bature?
2. Wane alkawari Gwamna Lugga ya yi a Sakkwato, kuma yaya ya shafi wuraren da aka fara buɗe makarantun boko?
3. Su wane ne Isawa? Me ya faru a Gimi?
4. Kawo kalmomi biyar da Musulmi da Kirista suke amfani da su a ibada da Hausa. Shin ma'anarsu ɗaya ce a wurin kowa?
5. Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya tattauna wannan: maƙwabcinka wanda ba addininku ɗaya ba an yi masa rasuwa. Me za ka yi, me za ka faɗa in ka je gaisuwa, me kuma ba za ka yi ba saboda addininka? A bar kowa ya gama maganarsa kafin wani ya karɓa.

Aikin gida

Nemi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku wanda ya haura shekara 60. Gaishe shi yadda ya kamata, ka roƙe shi ya ba ka labarin yadda ake zaman Musulmi da Kirista a garinku lokacin yana yaro: wa ke aika wa wa abinci, wa ke zuwa sunan wa, a ina yara ke wasa. Rubuta abin da ya faɗa maka cikin jimla goma, ka zo da shi mako mai zuwa.